Haƙƙi da Alfarma: Abin da Katin Mamba Yake Bayarwa a Otal ɗin Hamada na Dubai

Duk wanda ya saba zuwa Dubai fatauci ko wani aiki, kuma yake sauka a manyan otal-otal, da wuya a ce ba a taɓa tambayarsa a kantar karɓar baƙi ko yana da lambar mamba ba. Lambar nan ta wani tsari ce da kamfanonin otal suka ɓullo da shi domin riƙe abokan cinikinsu: mutum yana kwana ana rubuta masa maki, makin yana taruwa har ya isa biyan kuɗin wani kwanan, yawan kwanakin da ya yi a shekara kuma yana ɗaga matsayinsa. Akwai masu tara makin shekara da shekaru da burin wata rana su kai iyali hutu wani wuri na musamman, kuma a Dubai ɗaya daga cikin wuraren da suka fi jan hankalin masu wannan buri shi ne Al Maha, otal ɗin shaƙatawa da ke tsakiyar rairayi a hanyar Al Ain, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga cikin birni. Wannan rubutu zai yi fashin baƙin ƙa'idojin Marriott Bonvoy, tsarin da otal ɗin yake ƙarƙashinsa, domin a irin wannan wuri ne alkawuran katin suke sauya kama ba tare da mai katin ya ankara ba.

An buɗe Al Maha a 1999, kuma yana cikin gandun kare namun daji na hamadar Dubai, mai faɗin murabba'in kilomita 225. Sunan ma daga Larabci ne, yana nufin maririn Larabawa, farar dabbar nan mai dogayen ƙahonni da ake gani tana kiwo tare da bareyi a kusa da masaukan baƙi. Masaukai 42 ne kacal a wurin, an gina su da siffar tantin makiyayan Larabawa, kowanne da ɗan tafkin ninƙayarsa. Wannan adadi na 42 ya kamata mai karatu ya riƙe, domin kusan duk abin da zai biyo baya yana komawa gare shi.

Shi tsarin Marriott Bonvoy ya fara aiki da wannan suna a Fabrairun 2019, bayan da kamfanin Marriott ya sayi kamfanin otal na Starwood a 2016 ya haɗe tsare-tsaren mambobin kamfanonin wuri ɗaya. Shiga kyauta ce, amma danna maɓallin rajista yarda ce da wata doguwar yarjejeniya, wadda a cikinta kamfanin ya bayyana cewa makin da aka tara ba dukiyar mamba ba ce, ba a sayar da shi, ba a canza shi zuwa tsabar kuɗi, kuma kamfanin yana da ikon sauya ƙa'idojin a lokacin da ya ga dama. Matakan mambobi suna tafiya ne da yawan kwanakin da mutum ya yi daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Disamba: kwana 10 yana kai mutum matakin Silver, 25 matakin Gold, 50 matakin Platinum, 75 matakin Titanium, sannan matakin Ambassador yana buƙatar kwana 100 tare da kashe dala 23,000 a shekarar. A galibin otal-otal ɗin kamfanin, kowace dala ɗaya tana kawo maki 10, kuma ana ƙara wa mai Platinum rabin abin da ya samu. Idan, alal misali, kuɗin ɗaki da abinci ya kama dala 1,000 kafin a ɗora haraji, mamba na gama-gari zai samu maki 10,000, mai Platinum kuma 15,000. Haraji ba ya haifar da maki.

Sharaɗi na farko, wanda ya fi kowanne kayar da mutane, shi ne hanyar da aka bi aka kama ɗakin. Dole ne a kama shi kai tsaye ta shafin kamfanin, ko manhajarsa, ko layin wayarsa, ko otal ɗin kansa. Wanda ya bi ta shafukan dillalan ɗakuna irin su Booking.com ko Expedia, ko ya sayi tafiyar a dunƙule daga dillalin tikiti da ya haɗa masa jirgi da biza da masauki a farashi ɗaya, to a ƙa'ida ba shi da maki, ba a ƙirga masa kwana, kuma ba dole ba ne a ba shi ko ɗaya daga cikin gatan matsayinsa, ko da kuwa yana riƙe da Titanium. Wannan ya shafi matafiyanmu ƙwarai, domin da yawa sun saba miƙa wa ejan fasfo da kuɗi ya gama musu komai, sai a kanta mutum ya faɗi lambarsa a ce masa wannan kamun ba ya cikin waɗanda ake lissafawa. Haka kuma wanda ya kama ɗakuna da dama domin iyali ana iya ba shi makin ɗakuna har uku, muddin shi ya biya kuma yana kwana a ɗayansu, amma kwanan da ake ƙirgawa domin matsayi na ɗakinsa ne kaɗai.

Yanzu sai asalin maganar. Gatan da aka yi wa manyan mambobi alkawari iri biyu ne, ko da yake tallace-tallace suna jera su a layi ɗaya kamar duk ƙarfinsu ɗaya. Akwai haƙƙi, wanda mamba zai iya tsayawa a kansa, akwai kuma alfarma, wadda yarjejeniyar ta rataya da sharaɗin "idan akwai hali". Alfarmar nan tamkar gyara ce a kasuwa: mai awo yakan ƙara wa tsohon abokin ciniki, amma ba wanda zai kai ƙara wurin sarkin kasuwa don an hana shi. Abin da ya sa otal ɗin hamada ya bambanta shi ne, yarjejeniyar ta ware otal-otal ɗin shaƙatawa, waɗanda take kira da kalmar "resort", ta mayar da wasu abubuwan da suke haƙƙi a otal ɗin cikin gari zuwa alfarma.

Misali mafi bayyana shi ne jinkirin barin ɗaki. Mai Platinum ko sama da haka yana da tabbacin zama a ɗakinsa har ƙarfe huɗu na yamma a ranar tafiya, kuma a otal ɗin cikin gari wannan tabbaci ne na gaske. A otal ɗin shaƙatawa da otal ɗin manyan taruka kuwa, an rubuta ƙarara cewa sai idan akwai hali. A ɗauka wani bawan Allah ya zo da maiɗakinsa, jirginsu sai dare zai tashi, ya tsara cewa za su yi azahar a ɗaki, su ci abinci, su ɗan kishingiɗa har la'asar sannan mota ta ɗauke su. Da safe ya je kanta ya ajiye wayarsa mai nuna katin Platinum, ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce masa masaukin an kama shi daga yammacin ranar, kuma sai an sauya shimfiɗa, an share rairayin da iska ta zubo a baranda, an tsabtace tafkin kafin sabon baƙo ya iso. Ba ta karya ƙa'ida ba ko kaɗan. A wurin da masaukai 42 ne kawai, kuma a lokacin sanyin hunturu da baƙi suke tururuwa hamada, babu wani ɗakin ajiya da za a tura sabon baƙon. Abin da ya dace shi ne a nemi wannan jinkiri tun ranar isowa, a kuma tambayi inda za a ajiye kaya da inda za a zauna idan bai samu ba. Mai Gold ma bai taɓa samun tabbaci ba a ko'ina, nasa ƙarfe biyu ne, kuma shi ma da sharaɗin hali.

Ɗaga darajar ɗaki ma haka yake. Ƙa'ida ta ce a ɗaga wa mai Platinum darajar ɗaki idan akwai wanda yake a sake a lokacin da ya iso, har da wasu manyan masaukai, amma otal ne yake da ta cewa a kan abin da yake a sake. A Al Maha mafi yawan masaukan iri ɗaya ne, manyan kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, saboda haka abin da mutum zai iya sa rai da shi bai wuce masauki mai kyakkyawar fuskantar tuddan rairayi ba. Alkawarin shiga zauren manyan baƙi, inda ake ba da abinci da abin sha kyauta a otal-otal na cikin gari, shi ma an cire otal-otal ɗin shaƙatawa daga cikinsa. Sunan reshen kamfanin da otal yake ƙarƙashinsa ma yana da tasiri. Al Maha yana ƙarƙashin reshen The Luxury Collection, inda mai Platinum yake zaɓar kyautar maraba tsakanin maki 1,000 da karin kumallo da wata tsaraba. The Ritz-Carlton na hamadar Al Wadi da ke Ras Al Khaimah kuwa, duk da cewa tsarin mambobinsu ɗaya ne, reshensa ba ya cikin masu ba da karin kumallo kyauta saboda matsayi. A ganina wannan ne wurin da kamfanin ya kamata ya fi fito da bayani fili, domin mutumin da ya kwana hamsin a shekara yana da hujjar zaton cewa katinsa magana ɗaya yake yi a ko'ina.

Sai batun biyan kuɗin kwana da maki. Kafin Maris na 2022 akwai jadawali da ya raba otal-otal rukuni-rukuni, kowane rukuni da iyakar makinsa, ta yadda mutum zai iya sanin abin da yake tarawa domin ya kai. An soke wannan jadawali, yanzu makin da ake nema yana hawa da sauka kamar farashin kuɗi, gwargwadon cunkoso da yanayi, kuma a hamadar Dubai bambancin da ke tsakanin tsananin zafin Yuli da sanyin Janairu babba ne. Abin da ya rage daram shi ne rangwamen kwana na biyar: wanda ya kama kwana biyar a jere da maki, a kamu ɗaya, za a yafe masa makin daren da ya fi arha a cikinsu. Kwanakin da aka biya da maki kuma ana ƙirga su cikin kwanakin matsayi.

Amma kwanan maki bai zama kyauta gaba ɗaya ba. Tun 2014 gwamnatin Dubai take karɓar kuɗin da ake kira dirhamin yawon buɗe ido a kan kowane ɗaki a kowane dare, wanda a otal mai taurari biyar yake kama dirhami 20, kuma maki ba ya biyansa. Duk abin da aka saya a otal ɗin, daga tausa zuwa ƙarin abinci, yana ɗauke da harajin kaya na kashi 5 cikin ɗari da ƙasar ta fara karɓa a Janairun 2018, ga kuma kuɗin hidima. An daɗe da sanin Al Maha da farashin da yake haɗa abinci sau uku da ayyukan shaƙatawa biyu a rana, irin su hawan raƙumi da faɗuwar rana, da kallon yadda ake horar da shaho, da zagayen ganin namun daji da mota. Wannan tsari ne na otal ɗin kansa, ba ya cikin alkawuran katin mamba, don haka abin dogaro kawai shi ne abin da aka rubuta a takardar tabbatar da kamun ɗakin. A wurin da babu wani gidan abinci sai na otal ɗin, kuma rairayi ya kewaye mutum ta kowace kusurwa, jimla ɗaya a wannan takarda tana iya zama bambancin kuɗi mai yawa, shi ya sa ya kyautu a karanta ta kalma bayan kalma, a kuma adana hotonta a waya.

Ƙa'idar soke kamu ita ce wadda na fi so kowa ya sani, domin ta saɓa wa abin da hankali yake fara kawowa. Mutum zai zaci idan ya fasa zuwa a makare makinsa ne zai salwanta. Yarjejeniyar ta tanadi akasin haka: ana mayar masa da makin cikin asusunsa, sannan otal ya cire tarar sokewa da tsabar kuɗi daga katin bankin da ya bayar. A otal mai tsada irin wannan, tarar tana iya yin nauyi sosai, kuma otal-otal ɗin shaƙatawa sukan sa wa'adin sokewa mai tsawo fiye da na cikin gari. Wanda bizarsa ba ta fito ba tukuna, ko tikitin jirginsa bai tabbata ba, ya rubuta ranar ƙarshe ta sokewa a inda idonsa zai riƙa gani. Haka nan dokokin cikin gida na otal suna hawa kan kowa ba tare da duba matsayi ba. Al Maha, alal misali, ba ya karɓar yara 'yan ƙasa da shekara 10, kuma babu matakin kati da yake ɗage wannan sharaɗi ga maigidan da ya iso ƙofa da ƙananan 'ya'ya.

Makin kansa yana da wa'adi. Idan asusu ya yi wata 24 ba a samu maki a cikinsa ba kuma ba a kashe ba, abin da aka tara yana iya gogewa, kuma kwana ɗaya a kowane otal na kamfanin, ko da a Legas ne, ya isa ya sabunta wa'adin. An yarda mamba ya tura wa wani mamba maki har 100,000 a shekara ba tare da biyan komai ba, abin da yake ba miji da mata damar haɗa nasu domin kwana ɗaya mai tsada. Idan kuma mamba ya rasu, tun da yarjejeniyar ba ta ɗauki makin a matsayin dukiya ba, ba ya shiga hannun magada kai tsaye kamar kuɗin banki. Kamfanin ya ce yana iya mayar da shi asusun wani ɗan'uwa ko aboki wanda shi ma mamba ne, bayan an gabatar da takardun da ya nema, kuma hukuncin yana hannunsa. Matsayin mamacin da kwanakin da ya tara ba sa bin makin, wanda aka mayar wa zai ci gaba ne daga matakin da yake kai.