Kolumbain: sunan furen da ke nufin kurciya

Mutane da yawa sun fara jin kalmar Kolumbain ne a labarin harbin da aka yi a wata makarantar sakandare ta jihar Kolorado a Amurka, ranar 20 ga Afrilu, 1999. Abin da ciwo, domin tun kafin wannan musiba kalmar sunan fure ce. Unguwar da makarantar take ma daga furen ta samo suna.

Tushen kalmar daga Latin yake, inda ake kiran kurciya "kolumba". Idan ka kifar da furen, ganyayyakinsa biyar sai su yi kama da kurciyoyi biyar da suka haɗa kai a bakin kasko suna shan ruwa. Kowane ganye yana da siririn bututu da ya miƙe ta baya, kuma can a ƙarshensa ruwan zaƙi yake taruwa. Sai mai dogon baki ke kai gare shi. Wani irin faɗa-wuta ne ke zuwa da almuru ya zura bakinsa ya sha, yana tafiya da garin furen zuwa na gaba.

Wanda ake nufi a Kolorado shi ne mai shuɗi ta waje, fari a ciki, da ɗigon rawaya a tsakiya. Gidansa duwatsun Roki na yammacin ƙasar, galibi sama da mita 2,000. Ya fi samun sakewa a kurmin bishiyar aspen, mai farin ɓawo da ƙananan ganye. Inuwarta ba ta da kauri, rana na ratsowa daidai gwargwado, ƙasa kuma tana riƙe da damshin ƙanƙarar da ta narke. Daga Yuni zuwa Agusta yake huda. A ganina wanda bai san wannan kurmi ba bai gama sanin furen ba, don a busasshen fili mai zafi wahala yake sha.

'Yan makaranta ne suka zaɓe shi da ƙuri'a a 1891, aka mai da shi furen jiha a 1899. Da masu tsinka suka yi masa yawa, sai aka kafa doka a 1925: ba a tumɓuke shi a filin gwamnati, kuma mutum ba ya tsinkar fiye da 25 a rana.