Leda ba ta ruɓewa a bakin teku

An daɗe ana cewa ruwan gishiri na cinye ledar da aka yar a bakin teku, tunda bayan watanni ba a ganinta. Ba ruɓewa take yi ba. Rana ce ke sa ta yi gautsi, igiyar ruwa da yashi su farfasa ta zuwa ɓarɓashin da bai kai milimita 5 ba. Kifi da ƙaguwa na haɗiye shi.

Ku gwada: ku ɗebo yashi daga inda igiya ke tsayawa, ku zuba a bokitin ruwan teku, ku motsa, ku bari ya kwanta. Ɓarɓashin leda mai launi zai taso sama. Na gorar ruwa kuwa nutsewa yake, don haka abin da kuka gani kaɗan ne.

Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.