Za mu Istanbul da yara, ina da ina ya kamata mu shiga?

Mutanenmu na Agege da Idi-Araba a Legas da ke zuwa Turkiyya saro kaya yanzu sun fara ɗaukar iyali, tunda jirgin Turkish Airlines daga Ikeja kai tsaye yake. To ga abin da aka fi tambaya.

Daga ina za a fara?

Unguwar Sultanahmet. Ku hau taragon T1, jirgin ƙasa na cikin gari, da katin biyan kuɗin sufuri na Istanbulkart, yana sauke ku kusan a bakin wuraren. Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya 6 da Aya Sofiya suna kallon juna ne, ƙafa kawai za ku taka. Ita Aya Sofiya coci ce da aka gama a 537, ta zama masallaci a 1453 da Sultan Mehmed ya ci garin, aka mayar da ita gidan tarihi, sai a 2020 ta koma masallaci. Mata a riƙe mayafi, mu dai wannan ba matsalarmu ba ce.

Wanne ne bai kamata ya wuce mu ba?

Fadar Topkapi ta sarakunan Daular Usmaniyya, wallahi ko ita kaɗai kuka gani kuɗin jirgi bai tafi a banza ba. Akwai sashen da aka ajiye kayan da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbai, takubba da makullan Ka'aba, an fara kawo su ne bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517, kuma kana cikin layi kana jin alaramma yana karatu a gefe, yaran da ke ta surutu ma sai ka ga sun yi tsit. Amma fa ranar Talata a rufe take.

Yara ba za su gaji ba?

Za su gaji mana, in ka ce sai kun zaga wuri 4 a yini ɗaya don a fanshe kuɗi. Babban wuri ɗaya da safe ya isa, ku yi sammako irin na mai gudun go-sulo a Oshodi. Da rana ku kai su Yerebatan, tsohuwar ma'ajiyar ruwa ce a ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336, da sanyinta, su je su nemo wani kan mutum da aka sassaƙa da dutse aka kifa a ƙasan ginshiƙi. Keken jariri kuwa wahala yake a kan duwatsun titin, Hajiya gara ki taho da zanin goyo.

Kasuwa fa?

Babbar kasuwar nan mai rufi, Grand Bazaar, ba ta ci ranar Lahadi, sai ku sa zagayen wuraren tarihi ranar, sayayya Litinin.