Me yasa a Indiya laifi ne likita ya fada miki mace zaki haifa ko namiji?

Wai da gaske ba a fada a wajen sikanin?

Da gaske ne wallahi. Mu nan mace zata je awo a shafa mata wannan abu mai sanyi a ciki a dora na'ura, ta ce likita me ka gani, ya fada mata ta wuce kasuwa siyan kayan jariri. A Indiya tun 1994 doka ta hana, aka kara tsaurara ta a 2003, likitan da ya fada zai iya shan daurin shekara 3 da biyan tara, har lasisinsa ya shiga matsala. A jikin bangon asibiti ma zaki ga allo an rubuta nan ba a fada.

To meye na boyewa?

Saboda a gidaje da yawa da an ji mace ce sai a zubar da cikin. A can iyayen amarya ne ke kai dukiya gidan ango, kudi, zinare, babur har mota, an haramta hakan tun 1961 amma ina, ba a daina ba, kuma a al'adar Hindu dan namiji ne ke kunna wutar kona gawar ubansa. Duk wanda ya taba hada kayan dakin 'yan mata uku a jere zai dan gane nauyin, sai dai nasu ya wuce misali.

Ta ya aka gane abin yayi yawa?

Kidaya ce ta tona asiri. A ka'ida duk mata 100 da aka haifa ana samun maza wajen 105. A Indiya cikin yara 'yan kasa da shekara 7, duk maza 1000 akwai mata 945 a 1991, ya sauko 927 a 2001, ya koma 919 a 2011, jihar Haryana kam 834 ne, shi yasa a can Firayim Minista Modi ya kaddamar da shirin ceto 'ya mace a 2015. Wasu mazan jihar sai daga wasu jihohi suke nemo matan aure. China ma ta sha irin wannan lokacin dokar haihuwar yaro daya tak.

Masu cikin ne ke son a zubar?

Wasu eh, amma sau da yawa miji ne da uwar miji ke tsaye a kanta, musamman in ta riga ta haifi mace biyu. Ga shi sikanin baya nunawa sosai sai ciki ya kai wata hudu zuwa biyar, zubarwa a lokacin ba karamin hadari bane.

Wai mace ce ke jawo haihuwar mata?

A'a. Kwan mace kwayar halitta da ake kira X kawai yake dauke da ita, maniyyin namiji ne ke zuwa da X ko Y, in X ya shiga mace, in Y ne namiji. Don haka Hajiya da ke cewa a karo mata ko za a dace da magaji, danki ne dai zai sake zuwa da X ko Y din, amarya ba ruwanta.