Ma'anar "fibir": zaren gilashi ne, ba sunan intanet ba

Tun da aka fara haƙa ramuka a gefen titunan Yamai ana binne waya, kalmar "fibir" ta shiga bakin kowa. Mai taksi zai ce maka rezo ya yi nauyi don "fibir ta yanke", kuma wannan da gaskiyarsa. Wanda ya dame ni shi ne mai sharhin da na ji a rediyo yana cewa an kawo mana "sabuwar intanet mai suna fibir optik". Ƴan siyasa kuwa, in suka ambaci layin da aka tsara ya ratsa Sahara ya haɗa mu da Aljeriya da Chadi da Najeriya, sai ka rantse cikin wayar aka ɗuro ci gaban, buɗewa kawai ya rage.

Kalmar ta zo mana ta Faransanci, asalinta kuma Latin ne, "fibra", wato zare ko ɓawon da ake tufka da shi, irin na rama. "Optik" daga Girkanci yake, abin da ya shafi gani. Zaren haske ke nan. Babu intanet a cikin sunan ko kaɗan.

Ni a labo, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, na fara riƙe ta, shekaru kafin a ja ta unguwarmu. Kwanan baya na fito da ita gaban ɗalibai, waya mai riga shuɗiya, tsawonta mita biyu, bakinta da ƴar sandar ƙarfe kamar alƙalami. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan mega nawa take ba da wa?" Aka yi dariya, amma ban ga laifinsa ba. Abin da ya ji a gari ya maimaita.

Na aika aka sayo zoɓo na dala ashirin a bakin ƙofa, muka tace shi, muka surka da ruwa har ya yi fari-fari, na tsoma sandar a ciki. Ga abin da ke faruwa. Cikin sandar zare biyu ne. Ɗaya yana ɗauko haske daga fitila ya sauko da shi. A ƙasan sandar akwai ƴar taga da ruwan ke shiga, bayanta kuma ƙaramin madubi. Haske ya ratsa zoɓon, ya bugi madubi, ya sake ratsa shi, sannan zare na biyu ya kai shi na'urar da muke kira sipektiro. Shi ya sa in faɗin tagar milimita 5 ne, tafiyar hasken cikin ruwan milimita 10 ce, zuwa da dawowa. Masu mantawa da wannan su ne ke samun sakamako ninki biyu, su zo suna cewa na'ura ta lalace.

Sipektiro ita kuma ta tsefe hasken da ya dawo launi-launi, ta ga wanne ya ɓata a hanya. A allon kwamfuta sai tudu ya tashi wajen nanomita 520, wurin kore (nanomita ma'auni ne na tsawon zangon haske, kowane launi da lambarsa). Zoɓo yana shanye kore, ya bar ja ya wuce, jan nan da ido ke gani saura ne. Muka ƙara zoɓo, tudun ya ƙara tsawo. Wannan ita ce ƙa'idar Beer da Lambert: yawan hasken da aka shanye yana tafiya daidai da kaurin abin da ke cikin ruwan da kuma tsawon hanyar da hasken ya bi. Da ita ake auna abin da ido ba ya gani ma. Ido yana aiki ne tsakanin nanomita 400 da 700. Ƙasa da haka ultrabiyole ne, kuma can ne farasitamol ke shan haske wajen 243, nitirat na ruwan rijiya wajen 220. Ruwa garau kamar na sha, amma a allo tudu ne.

A da sai an ɗebi samfur an zuba a ƴar kwalba mai faɗin santimita ɗaya, an kai wa na'ura. Amfanin fibir a nan shi ne ta juya lamarin: haske ne ke zuwa wurin ruwa. Ana iya barin sandar cikin tukunyar da ƙwayar magani ke narkewa, ana karantawa minti bayan minti ba tare da an ɗebi komai ba.

To me ya hana hasken zurarewa ta gefe? Duk yaron da ya taɓa nutso a kogin Isa ya ɗaga kai a karkace ya ga saman ruwa ya zama madubi. Haka cikin zaren yake: gilashin tsakiya yana sanye da wani gilashin da haske ya fi sauri a cikinsa, sai hasken ya riƙa bugun bango yana komowa ciki har ya fita ƙarshe. Daniel Colladon ya nuna wannan da tsartuwar ruwa a Jeniba tun farkon shekarun 1840. Sai a 1966 Charles Kao ya nuna cewa in an tsarkake gilashin zai kai saƙo nesa, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2009. Intanet baƙuwa ce da ta zo daga baya ta tarar da hanya.

Kuma fibir ba iri ɗaya ba ce, abin da masu sharhi ba sa faɗa ke nan. Ta sadarwa tsakiyarta mikron 9 ne kacal (mikron dubu ke yin milimita ɗaya), tana ɗaukar haske na nanomita 1310 ko 1550, can bayan ja inda ido bai kai ba. Tamu ta labo tsakiyarta kan kai mikron 400 ko 600, don mu yawan haske muke so, ba nisan zango ba. In ka yanko guntun ta bakin titi ka haɗa da fitilar diteriyom, wadda ke ba mu ultrabiyole a labo, wahalar banza za ka sha. Ko tamun ma, in ba wadda aka yi musamman ba ce, ultrabiyole mai ƙasa da 260 yana cin ta a hankali, ta riƙa dusashewa, sakamako ya yi ta zamewa kana zargin hannunka. Ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a bakin haɗi. Ga mai naɗe ta kamar igiyar guga, ya karya zaren a ciki, riga lafiya lau.

Ranar zoɓon ma sai da ta nuna hali. A gwaji na uku tudun ya yi tsalle ba dalili, ɗalibai suka fara kallon juna. Na ɗago sandar, sai ga ƙwayar kumfa ɗaya, ba ta kai ƙwayar gero ba, ta maƙale a tagar daidai kan madubi. Na ƙyasta sandar da yatsa, na mayar. Mai tambayar mega ne ya karanta sabuwar lambar.