Gasar Neman Ɓoyayyiyar Tiransimita

Gasar neman ɓoyayyiyar tiransimita wasa ne na masu sha'awar rediyo, inda ake ɓoye ƙananan na'urorin watsa sigina a daji, 'yan gasa kuma su bazama nemansu da rediyon hannu da taswira da kamfas. A duniya an fi saninta da ARDF, masu yin ta kuwa suna yi mata laƙabi da farautar yanyawa. Ƙungiyar IARU, wadda aka kafa a Paris a 1925 don haɗa kan masu sha'awar rediyo, ita ce ke tsara dokokinta.

Wasan ya bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu a arewaci da gabashin Turai, ya yi ƙarfi ƙwarai a Tarayyar Sobiyat da maƙwabtanta. An yi gasar Turai ta farko a Stockholm a 1961, ta duniya ta farko kuma a Cetniewo ta ƙasar Poland a 1980. A 2000 birnin Nanjing na Sin ya karɓi baƙuncinta.

Tsarin gasa

Ana fafatawa a kan zango biyu: mita 80, wato megahaz 3.5, da mita 2, wato megahaz 144. Akan ɓoye tiransimita biyar masu watsawa a kan mitar rediyo guda, amma ba tare suke magana ba. Kowace takan yi kira na minti ɗaya ta yi shiru, ta gaba ta karɓa, har zagaye ya cika a minti biyar. Da alamomin Morse, wato gajeru da dogayen sautuka masu wakiltar haruffa, suke faɗin sunansu: MOE, MOI, MOS, MOH da MO5. Ba sai mutum ya iya Morse ba, domin harafin ƙarshe ɗige-ɗige ne zalla, daga ɗaya zuwa biyar. Wanda ya iya ƙirga ya san wadda yake ji. Ta shida tana bakin layin kammalawa, a wata mitar daban, tana kiran MO ba tsayawa don ta jagoranci masu dawowa.

Doka ta ce tsakanin tiransimita da 'yar'uwarta kada ya gaza mita 400, kuma kada a ajiye ko ɗaya ƙasa da mita 750 daga wurin tashi. Kusa da kowace akwai tuta mai ruwan lemo da fari, da na'urar da ɗan gasa zai buga shaidar isowarsa. Yawan waɗanda aka gano shi ake fara dubawa, sannan lokaci. Wanda ya wuce wa'adi ya yi asarar wahalarsa.

Gano alƙibla

Duk wanda ya taɓa juya ƙaramar rediyo a hannu don tashar matsakaicin zango ta fito sosai ya san tushen abin. A cikin rediyon akwai sandar eriya wadda ke kama sigina da ƙarfi idan gefenta na fuskantar tasha, ta kusan yin shiru idan bakinta ne ya nuna tashar. A mita 80, wannan shirun ɗan gasa ke nema, domin ƙarar tana da faɗi, shirun kuwa siriri ne, kuma shi ya fi nuna layi daidai. Sai dai layin kai biyu gare shi, bai faɗi ko gaba za a yi ko baya ba. Don haka akwai eriya ta biyu, 'yar miƙaƙƙiya, da ake danna maɓallinta sai ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Mutum ya ja layi a taswira, ya matsa wani wuri ya ja na biyu. Inda suka gitta, nan ake zato.

Mita 2 ta fi rigima. Eriyarta samfurin Yagi ce mai sanduna biyu ko uku, da yawa ma da tef ɗin awo na ƙarfe suke haɗa tasu, saboda yana lanƙwashewa cikin sarƙaƙiya ya sake miƙewa. Sigina a wannan zango yana dukan tsauni ya dawo, sai ya zo wa mai nema daga inda babu komai. Sabon shiga ya bi amsa-kuwwa da gudu ya faɗa kwari; gogagge ya hau tudu tukuna, ya duba taswira ya tambayi kansa ko wannan layin zai yiwu. Idan an matso kusa kuma sigina yakan cika rediyon har ko'ina ya zama ɗaya, dole a riƙa rage masa ƙarfi mataki-mataki. Abin da ya fi ci wa 'yan gasa rai shi ne minti ya ƙare suna dab da wurin, su tsaya zuru na minti huɗu.

A tuddan Birtaniya

A Birtaniya akwai tuddai masu faɗi marasa itatuwa, irin su Dartmoor a Devon da North York Moors, inda gajerun tsirrai da duwatsu da dausayi suka mamaye ƙasa. Dartmoor kaɗai ta kai murabba'in kilomita 954, ƙololuwarta High Willhays tana da tsayin mita 621. Mai kallo zai ɗauka nema a irin wannan fili ya fi na kurmi sauƙi, tunda ido na kaiwa nesa. Ba haka ba ne. Ɗan rami ko gindin dutse ya isa ya ɓoye na'ura, miƙaƙƙen layin da aka ja a taswira kuma sau da yawa ta tsakiyar taɓo yake bi, inda ƙafa ke nutsewa har gwiwa. Hazo na iya sauka cikin 'yan mintoci ya shafe duk wata alama, a bar mutum da kamfas kawai. Buɗaɗɗen filin yana da wani aibu: na baya yana hango inda na gaba ya durƙusa, shi ya sa ake sakin 'yan gasa rukuni-rukuni.

Turawan Ingila suna da nasu tsohon salon a kan mita 160, wanda ya bambanta da na IARU. Tawagogi kan fara a mota da taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, su ƙarasa da ƙafa, kuma abin nema shi ne mutumin da ke riƙe da tiransimitar, yana kwance cikin ƙaya. Yakan ja doguwar waya ta cikin shingaye da itatuwa a matsayin eriya, don mai nema ya ji sigina ko'ina amma ya rasa inda wayar ta ƙare. Nan wayo ya fi gudu amfani.

Lasisi yana kan mai watsa sigina, wanda a Birtaniya hukumar Ofcom ke bayarwa. Mai sauraro kawai ba ya buƙatarsa, abin da ya sa yara da 'yan sikawut ke shiga. Mai shirya gasa a tuddan yana kuma la'akari da watannin Maris zuwa Yuli, lokacin da tsuntsaye ke yin sheƙa a ƙasa, da filayen atisayen soja na arewacin Dartmoor, inda jar tuta ke nuna ana harbi. Dabarar da ake koya a wasan ita ce ake amfani da ita wajen gano mai cusa hayaniya a tashoshi, da bin namun dajin da aka ɗaura wa abin wuya mai sigina.