Ƙa'idar shiga Tarayyar Turai: abin da ke rubuce da wanda ke riƙe da mabuɗi

Sashe na 49 na yarjejeniyar Tarayyar Turai gajere ne. Ya ce duk ƙasar da ke nahiyar Turai, wadda ke mutunta dimokuraɗiyya da doka da haƙƙin ɗan Adam, tana iya neman shiga. Damar nema ya bayar, bai yi alkawarin karɓa ba.

Ainihin sharuɗɗan kuwa a birnin Kopenhagen aka gindaya su a 1993, lokacin da ƙasashen gabashin Turai da suka fito daga mulkin gurguzu suka fara neman a karɓe su. Ana son hukumomi masu ƙarfi da za su kare zaɓe da kotuna da 'yancin tsiraru, da tattalin arzikin kasuwa mai iya jure gogayya. Na uku shi ne mai cin rai: sai ƙasa ta shigar da dokokin Tarayyar kaf cikin nata, tun daga tsaftar abinci har kwangilar gwamnati. An kasa su babi 35, kuma tun 2020 rukunin shari'a da yaƙi da cin hanci ake fara buɗewa, shi ake rufewa a ƙarshe.

Sharuɗɗan sun taɓa yin aiki sosai. A 1997 an ajiye Silobakiya gefe saboda yadda gwamnatin Vladimir Meciar ke wasa da doka. Jama'a suka sauya gwamnati a zaɓen 1998, ƙasar ta shiga a 2004 tare da Polan da Hungari da sauransu.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Hukumar zartarwar Tarayyar ce ke auna ci gaban mai nema, amma hukunci na ƙasashe 27 na Tarayyar ne, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya a kowane babban mataki. Ƙasa guda ta hau kujerar na-ƙi, magana ta tsaya, ko da dalilinta bai shafi sharuɗɗan Kopenhagen ba. Masedoniya ta samu matsayin 'yar takara tun 2005. Girka ta tare ta shekara da shekaru a kan suna, har ta koma Masedoniya ta Arewa a 2019. Ba a je ko'ina ba Bulgeriya ta taso da rigimar harshe da tarihi a 2020. A ganina, wannan ya fi komai rage wa ƙa'idar kwarjini, domin shugaban da ya ga maƙwabcinsa ya sauya sunan ƙasa bai tsira ba, da wuya ya taɓa alƙalai ko manyan 'yan kasuwa don faranta wa Brussels, hedikwatar Tarayyar.

Yukren ta miƙa takardarta kwanaki kaɗan bayan mamayar Rasha a Fabrairun 2022, ta zama 'yar takara tare da Moldoba a watan Yuni, aka buɗe tattaunawa da su a Yunin 2024. Ko an kammala babi 35 ɗin, yarjejeniyar shigar sai kowace ƙasa ta amince da ita bisa tsarin mulkinta.